Kamun Ƙafa da Hancin da A ke Ci Bayan an Sauka

Wannan ita ce laccar da akawun jam'iyya ya yi wa 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa a taron mako. Mun buga ta duka saboda waɗanda ba su sami zuwa ba.

 Na gode muku da kuka rufe rumfunanku da wuri kuka zo, na kuwa san abin da rufe rumfa kafin magariba ya ke jawo wa aljihu, saboda haka ba zan riƙe ku a banza ba.

Abin da aka ce in yi magana a kansa yau shi ne kamun ƙafa a wurin masu mulki, da wata al'ada da ke tafe tare da shi, watau mutum ya sauka daga kujerar gwamnati yau, gobe a gan shi ma'aikaci a kamfanin da jiya shi ke sa masa ido. Turawa sun laƙaba wa wannan al'ada sunan wata irin ƙofa ta manyan hotal-hotal, wadda ke juyawa kamar dutsen niƙa, tana fitar da wani tana shigar da wani, ba ta taɓa rufuwa. Yawancin misalaina daga ƙasar Amurka zan ɗauko su, domin can ne abin ya fi girma, can aka fi rubuta shi a littafi, can kuma aka daɗe ana yi masa doka tana ɓulewa ana sa mata faci. In mun ga inda tasu ta ɓule, sai mu san yadda za mu ɗinka tamu.

KAMUN ƘAFA BA LAIFI BA NE

Kada kowa ya tashi daga nan ya ce akawu ya haramta kamun ƙafa. Ku kanku kuna yi. In aka ƙara kuɗin rumfa, mahauta da 'yan koli da masu hatsi su kan tashi mutum biyar su je su gai da wanda ke da iko, su kai kukansu. Wannan haƙƙi ne, har ma tsarin mulkin Amurka ya ba kowane ɗan ƙasa ikon kai kuka wurin gwamnati tun 1791. Wakilin da ba ya jin kukan kowa ba wakili ba ne.

Amma ku dubi dillali. In ka kai sa kasuwa ka ba dillali, ka san shi, mai saye ya san shi, la'adarsa kuma sananniya ce, a gaban mutane a ke ba shi. Ba wanda ya ce dillanci sata ne. Ranar da dillalin nan ya je da dare ya shirya da mai saye a ɓoye, ya zo da safe yana rantse maka cewa sanka bai fi haka ba, ran nan ya tashi daga dillali ya koma macuci. Sana'ar ba ta sake ba, ɓoyon ne ya ɓata ta. To, masu kamun ƙafa na haya dillalai ne tsakanin masu kuɗi da masu yin doka, hajar da a ke ciniki a kanta kuwa ita ce dokar da za ta hau kanku.

A birnin Washinton wannan dillanci sana'a ce mai ofis da akawuna da albashi. A shekarar 2023 waɗanda suka yi rajista suna yin ta sun haura mutum 12,000, kuɗin da aka bayyana an kashe a kanta kuma ya haura dala biliyan 4, watau miliyan dubu huɗu. Wakilan majalisun nan biyu na ƙasar duka 535 ne. Ku raba da kanku: kowane wakili guda yana da dillalai fiye da 20 a bayansa. Talakan da ya zaɓe shi kuwa sai ranar zaɓe a ke neman sa.

HANCIN DA BA A KAMAWA

Yanzu ga wuyar al'amarin. Cin hanci irin wanda muka saba, kowa ya san kamanninsa: hannu ya miƙa, hannu ya karɓa, in an yi sa'a ɗan sanda ya gani. Akwai wani iri wanda ba a miƙa ko anini.

Ku ɗauka an naɗa wani mutum ya riƙa duba mudu da sikeli a kasuwan nan. Sai babban attajirin hatsi ya tare shi ya ce, "Malam, aikin nan naka ba ya ɗorewa. Duk ran da ka bari, ka zo wurina, akwai wuri, albashi kuwa ninki goma." Bai ba shi kome ba. In an caje aljihunsa ba za a sami kome ba. To, ina tambayarku, daga ran nan mudun wa zai riƙa samu da ƙwange? Na attajirin, ko na tsohuwar da ke auna gero a bakin hanya?

Wannan shi ne hancin da a ke ci bayan an sauka. Ana yin aikin yau, a biya baɗi, a kira biyan albashi. Ba ni na ƙago maganan nan ba. Wani shahararren mai kamun ƙafa na Amurka, Jack Abramoff, wanda ya amsa laifin zamba da ba da toshiya a cikin Janairun 2006, ya sha ɗauri ya fito, ya faɗa da bakinsa a talabijin a 2011 cewa da zarar ya yi wa babban akawun wani wakili tayin aiki, to shi ke nan, akawun ya zama nasa tun yana kan kujerar gwamnati. Mai sana'a ne ya tona asirin sana'arsa.

LABARIN DOKAR MAGANI

Bari in ba ku labari guda cikakke, domin ku ga yadda abin ke taɓa tukunyar talaka.

Gwamnatin Amurka tana da wani shiri da a ke kira Medicare, wanda ke biya wa tsofaffi kuɗin asibiti. A shekarar 2003 aka kawo doka don shirin ya riƙa taimaka musu da kuɗin magani kuma. Abu mai kyau. Sai dai a cikin dokar aka sa wani sharaɗi: an hana gwamnati ta yi ciniki da kamfanonin magani a kan farashi.

'Yan kasuwa, ku kuka fi kowa gane wannan. Wanda ya zo sayen buhu ɗari ba ya saye a farashin mai sayen mudu ɗaya. Zai taya, ya nemi ragi, ya samu, domin ya san mai kaya ba ya son ya wuce. To, ga mai saye wanda ya fi kowa girma a ƙasar, yana biya wa mutum miliyoyi, aka ɗaure masa baki da doka aka ce kada ya taya. Alhali kuwa a cikin gwamnatin nan guda, ma'aikatar da ke kula da tsofaffin sojoji tana yin nata cinikin, tana samun magani da rahusa.

An jefa ƙuri'a a kan dokar a Majalisar Wakilai ran 22 ga Nuwamba 2003, da wajen ƙarfe 3 na dare. A al'ada minti 15 a ke ba wakilai su jefa ƙuri'a. Ran nan da aka ga dokar za ta faɗi, sai aka ƙi rufewa, aka bar ƙuri'a a buɗe kusan awa 3 ana bin wakilai ɗai ɗai ana lallashi, har gab da asuba, sa'an nan ta wuce da 220 a kan 215. Shugaba Bush ya sa hannu a watan Disamba.

Cikin manyan waɗanda suka tura dokan nan akwai wani wakili daga jihar Luwiziyana, Billy Tauzin, shugaban kwamitin da harkar magani ke ƙarƙashinsa. Dokar ba ta yi wata biyu ba aka fara jin labari a jaridu cewa ƙungiyar manyan kamfanonin magani tana neman sa da aiki. A watan Janairu 2005 ya bar majalisa, a cikin watan nan kuma ya zama shugaban ƙungiyar, a kan albashin da jaridu suka ce ya kai dala miliyan 2 a shekara. Babban ma'aikacin da ke riƙe da shirin Medicare kansa, Thomas Scully, shi ma ya sauka a Disamban 2003 ya tafi wani ofishin lauyoyi mai yi wa kamfanonin kiwon lafiya aiki, kuma tun yana kan kujera aka ba shi izni a rubuce ya nemi aikin.

Adalci ya sa in faɗa muku cewa Tauzin ya musanta cewa akwai wani shiri. Ya yi fama da ciwon daji a 2004, ya ce magani ne ya ceci ransa, shi ya sa ya karɓi aikin. Ba kotun da ta same shi da laifi, ba ma wanda ya kai shi. To, nan ne fa maganata ta ke. Duk abin da na lissafa muku, doka ba ta hana ko ɗaya ba. Mu ba mu san abin da ke cikin zuciyar mutum ba, Allah kaɗai ya sani. Abin da muka sani shi ne sharaɗin nan ya zauna shekara 19. Sai a 2022 aka yi wata doka da ta ba gwamnati ikon tayawa, ita ma a kan magunguna 10 kaɗai aka fara, sabon farashinsu kuma aka ajiye shi sai Janairun 2026. Tsoho nawa ne ya raba ƙwaya biyu a cikin shekarun nan don ta kai shi ƙarshen wata?

WADDA AKA KAMA

Wani sa'i a kan kama. Wata babbar ma'aikaciya mai suna Darleen Druyun tana cikin masu sayo wa mayaƙan sama na Amurka kaya. Tana cikin ciniki da kamfanin Boeing a kan hayar jiragen sama 100 masu shayar da wasu jirage mai a sama, cinikin da ya haura dala biliyan 20, sai ga shi a lokacin nan tana maganar aiki da kamfanin a ɓoye. 'Yarta da mijin 'yar sun riga sun sami aiki a can. A Janairun 2003 ta koma Boeing a kan albashin dala 250,000 a shekara. Da asiri ya tonu ta amsa cewa ta fifita kamfanin a cinikin gwamnati. A 2004 aka ɗaure ta wata 9, babban ma'ajin kamfanin da ya yi mata tayin shi ma aka ɗaure shi wata 4, a 2006 kuma kamfanin ya biya gwamnati dala miliyan 615 a kan wannan magana da wata dabam.

Me ya raba ta da na farkon? Akwai doka a rubuce da ta hana ma'aikacin gwamnati sa hannu a sha'anin kamfanin da ya ke neman aiki a wurinsa, an kuma sami wasiƙun da suka nuna an yi. Inda akwai doka da shaida, an yi ɗauri. Inda babu, an yi walima.

DOKA DA RAMUKANTA

Amurkawa sun daɗe suna wannan faci. A 1938 suka yi doka cewa duk mai yi wa wata ƙasar waje aiki a cikinsu sai ya yi rajista, saboda 'yan farfagandar Jamus na zamanin Hitila. A 1946 suka yi ta masu kamun ƙafa a majalisa, amma a 1954 Kotun Ƙoli ta ƙuntata ta, ta ce ba ta hau kan kowa ba sai wanda aka biya musamman don ya je ya ga wakili da kansa a kan dokar da ke gaban majalisa. Da yawa suka sulale ta nan. A 1995 aka yi sabuwa, wadda ta ce mai kamun ƙafa ya rubuta sunansa, da sunan wanda ya aiko shi, da abin da a ke nema, da kuɗin da aka biya. Bayan abin kunyar Abramoff, wanda ya kai har wani wakili mai suna Bob Ney gidan yari, sai aka ƙara mata ƙarfi a 2007: rahoto kowane wata 3, tara har dala 200,000, ɗauri har shekara 5 ga wanda ya ɓoye da gangan. Aka kuma ce ɗan Majalisar Dattawa in ya sauka sai ya jira shekara 2 kafin ya koma kamun ƙafa wurin abokan aikinsa na da, ɗan Majalisar Wakilai kuwa shekara 1.

Ku saurari ramukan, domin su ne darasin.

Na farko, dokar ta ce ba a kiran mutum mai kamun ƙafa sai in aikin ya cinye kashi 20 cikin 100 na lokacin da ya ke yi wa mai gidansa. Wa ke riƙe da agogon? Shi kansa. Saboda haka sai tsohon wakili ya kira kansa mai ba da shawara, ya ƙi yin rajista. Tsohon shugaban masu rinjaye a Majalisar Dattawa, Tom Daschle, ya faɗi zaɓe a 2004, ya shekara fiye da goma yana irin wannan ba da shawara, bai yi rajista ba sai 2016.

Na biyu, jiran da aka sa ya hana mutum zuwa da ƙafarsa ne kawai. Bai hana shi zama a ofis yana gaya wa yaransa ƙofar da za su ƙwanƙwasa da abin da za su faɗa ba. An hana kura shiga garke, an bar ta tana yi wa 'ya'yanta kwatance.

Na uku, masu yin dokar su ne waɗanda za ta ci. Jiran shekara 2 zai fara aiki a kan wanda ya sauka daga ƙarshen 2007. Wani babban ɗan Majalisar Dattawa, Trent Lott, ya ajiye kujerarsa a watan Disamba na shekarar, da sauran shekaru a wa'adinsa, a Janairun 2008 kuma ya buɗe ofishin kamun ƙafa da wani tsohon abokin aikinsa. Ya ce ba dokar ce ta kore shi ba. Ku dai ku riƙe kwanan watan.

Na huɗu, doka ba mai tsaro. Tun 1995 ba a gurfanar da kowa da laifin ƙin yin rajista da gangan ba sai a 2020, wanda aka gurfanar ɗin kuwa Abramoff ne dai, ya fito ya koma ruwa.

A Ingila ramin wani iri ne. Dokarsu ta 2014 ta ce masu kamun ƙafa na haya su yi rajista, amma ba ta haɗa da wanda ke ma'aikacin kamfanin kansa ba. David Cameron, wanda ya yi Firayim Minista daga 2010 zuwa 2016, ya kama aiki da wani kamfanin ba da bashi mai suna Greensill a 2018. A 2020, lokacin annobar korona, ya yi ta aika wa Ministan Kuɗi da manyan ma'aikata saƙo ta waya yana nema wa kamfanin shiga shirin rancen gwamnati. Ba a ba su abin da ya nema ba, kamfanin ya rushe a 2021, aka bincika aka ce bai karya doka ba, dokar ce ba ta da ƙarfi. A Nuwamban 2023 sai ga shi ya komo gwamnati Ministan Harkokin Waje. Kun ga ƙofar da na gaya muku.

Kanada ta fi su ɗaure igiya. Tun 2008 minista ko babban ma'aikaci in ya sauka sai ya jira shekara 5, a 2010 aka haɗa da 'yan majalisa. Suna da kwamishina na musamman wanda majalisa ya ke kai wa rahoto, kuma kowane wata mai kamun ƙafa sai ya rubuta babban jami'in da ya gana da shi, da ranar, da abin da suka tattauna, kowa kuma yana iya dubawa a intanet.

TO, MU FA?

Kada wani ya ce wannan zancen Turawa ne. Wa za a yafe wa kuɗin fito, wa za a ba lasin shigo da kaya, wa zai sami kwangilar taki, wane banki za a ceta in ya durƙushe, duka a ofis a ke yanke su, kuma duka suna ƙarewa a farashin da ku ke gaya wa mai saye yana zaginku.

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 bai yi shiru ɗungum ba. A Jadawali na Biyar, inda aka tsara ɗa'ar ma'aikata, an hana ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwancin kansa yana kan aiki, in ban da noma. An ce ya bayyana dukiyarsa ran da ya hau, da bayan kowace shekara 4, da ran da ya sauka. An hana tsohon Shugaban Ƙasa da Mataimakinsa, da tsohon Babban Jojin Ƙasa, da tsohon Gwamna da Mataimakinsa yin aiki a kamfanin ƙasar waje. A wani sashe kuma an hana alƙalin babbar kotu da ya bar aiki ya koma ya tsaya gaban kotu a matsayin lauya. Ashe waɗanda suka rubuta tsarin sun san cutar.

Amma ku dubi jerin sunayen nan da kyau. Ina minista? Ina babban sakatare? Ina 'yan majalisa 469, dattawa 109 da wakilai 360? Ina shugaban hukumar da ke sa ido a kan bankuna, ko mai, ko lantarki, ko waya? Sa'an nan kamfanin waje kaɗai aka ambata, sai ka ce kamfanin gida ba ya iya sayen mutum. A 2016 an kawo shirin doka a Majalisar Dattawa don yi wa masu kamun ƙafa rajista, an yi masa karatu na biyu, amma majalisar ta tashi a 2019 bai zama doka ba.

ABIN DA YA KAMATA MU NEMA

Ni akawu ne, abin da aikina ya koya mini shi ne bashin da ba a rubuta ba ba a bin sa. Ga abu shida, ku riƙe su.

Na ɗaya, littafin rajista. Duk wanda a ke biya don ya nemi wani abu wurin minista ko ɗan majalisa ko babban ma'aikaci ya rubuta sunansa, da wanda ya aiko shi, da abin da ya ke nema, da nawa aka biya shi. Ko lauya ya ke kiran kansa, ko mai ba da shawara, ko darekta, duk ɗaya ne. Kada a sa ma'aunin lokaci irin na Amurka, kada a ware ma'aikacin kamfani irin na Ingila.

Na biyu, littafin baƙi. Shi ma mai kujerar ya rubuta wanda ya gana da shi a kan aikin gwamnati, ko a ofis ko a gida, a buga kowane wata. In littafi biyu suka saɓa, an sami bakin zare.

Na uku, idda. Ba mai jin kunyar kalman nan a cikinmu, kowa ya san hikimarta: ba a fita wannan ɗaki a shiga wancan a rana ɗaya, sai an jira an tabbata ba a tafi da kome ba. Wanda ya sa ido a kan wani kamfani, ko ya ba shi kwangila, kada ya ci albashinsa sai bayan shekaru, biyu ga ɗan majalisa, biyar ga minista da shugaban hukuma. Hanin kuma ya haɗa da ba da shawara daga bayan labule.

Na huɗu, duk wanda aka yi wa tayin aiki yana kan kujera ya bayyana cikin mako guda, ya cire hannunsa daga sha'anin kamfanin. Tayin da aka yi wa ɗansa ko matarsa ko surukinsa, shi aka yi wa.

Na biyar, hukunci ya hau kan duka biyu. Ma'aikaci ya rasa fanshonsa, kamfani ya rasa kwangilar gwamnati na wasu shekaru. Tarar da ba ta kai ribar ba, kuɗin shiga ne kawai.

Na shida, mai tsaron littafin kada ya zama yaron minista, kuma littafin ya zama a buɗe kyauta, a fassara shi da harsunan da mutane ke ji, a karanta a rediyo. Wannan bai shafi talakawan da suka tashi da kansu suka kai kuka ba tare da an biya su ba. Su ƙofa a buɗe ta ke, ba rajista ba kome.

MASU CEWA AN MATSA

Za a ce muku, to mutum in ya bar ofis yunwa za ta kashe shi? Wannan tambaya tana da gaskiya a cikinta, kada ku raina ta. Ba a hana shi noma ba, ba a hana shi koyarwa ba, ba a hana shi kasuwanci ba, ba a hana shi aiki a kamfani dubu da bai taɓa riƙe takardarsu ba. Ƙofa ɗaya aka rufe, ta ɗan lokaci. In ma ana ganin an tauye ƙaramin ma'aikaci mai gaskiya, gara a biya shi wani abu a lokacin jiran, ya fi araha a kan abin da za a yi hasara in ya sayar da ofishinsa.

Za a ce kuma, gwanaye za su ƙi aikin gwamnati. Wanda ya ƙi kujera don an hana shi sayar da ita daga baya, rashinsa riba ce. Kuma ku tambayi kanku, me kamfani ke saye a wurin tsohon minista da kuɗi masu yawa haka? In iliminsa ne, ilimi ba ya ruɓewa cikin shekara biyar. In kuwa ya ce bayan shekara biyar ba ya so, to ashe ba ilimin ya ke so ba, lambar wayar mutanen da ke ciki ya ke so, da kunyar da yaransa na da za su ji in ya shigo. Wannan kuwa ba nasa ba ne balle ya sayar. Jama'a suka ba shi aro.

Za a ce, doka ba ta hana Amurkawa ba, ina amfaninta? Ku tuna duk sunayen da na kira muku yau, da kwanan wata, da yawan kuɗi, ban same su ba sai don akwai littafi, akwai kotu, akwai 'yan jarida masu dubawa. Doka mai rami ta fi babu, domin rami ana ganinsa a toshe. Inda ba a rubuta kome ba, sai jita-jita, jita-jita kuwa ba ta ɗaure kowa, ba ta kuma wanke mai gaskiya.

Saboda haka, 'yan'uwa, ga aikinku. Duk mai neman ƙuri'arku, na kowace jam'iyya, har da tamu, in ya zo rumfarku kada ku tsaya ga gishiri da atamfa. Ku tambaye shi a gaban mutane: in ka hau, za ka buga sunayen masu zuwa wurinka? In ka sauka, wa za ka yi wa aiki? Za ka goyi bayan dokar idda ko da kai za ta fara ci? Ku sa wani mai rubutu ya rubuta amsarsa da kwanan wata, ku kawo ofis, mu ajiye. Shugabannin ƙungiyoyin kasuwa kuma su sa maganan nan cikin takardun kukan da su ke kai wa majalisa, kusa da maganar kuɗin rumfa, domin tushensu ɗaya.

Na ga lokaci ya ƙure. Mai tambaya ya ɗaga hannu, shugaba zai ba shi dama.